Baka Daga Teburin Nama

Shekarar da shanu suka daina cika kara, wurin cinikin dabbobi a kasuwar Talata Mafara, Lado mahauci ya koma manomi ba da son ransa ba. Gona dai yana da ita, gadon ubansa, can a bakin gulbi, ita ce ta ƙarshe a jerin gonakin ƙauyensu da ke kan hanyar Damri. Amma tun tasowarsa 'yan ƙwadago yake tura mata, shi yana zaune a bayan teburinsa yana korar ƙuda da ganyen dogonyaro, yana rantse wa mutane cewa naman jiya na yau ne. Da mutanen daji suka kore garkunan yankin ɗaya bayan ɗaya, sai suka bar masa teburin da ƙudan. Daga baya ƙudan ma suka gane babu riba, suka canza unguwa.

Haka ya ɗauki fartanya da furfura a gemu, da tumbin da ya tara a zamanin balangu. Dawar kuwa ta yi. Ta yi irin yin da ke sa mutum ya tsargu, zangarniya sai ka ce kan jariri. A gida kuma Batulu, matarsa, ta riga ta fara shiga rumbu da tsintsiya maimakon ƙwarya. Dawar nan ta bakin gulbi ita ce tuwon shekara, babu wata a bayanta.

Sai dai zuwa gona ya daina zama abin da mutum zai tashi da safe ya yi don ya ga dama. Ranar Juma'a bayan an sallame, Sarkin Baka Hayatu, tsohon maharbin da garin ya danƙa wa tsaron girbi, ya tsaya a ƙofar masallaci ya faɗi sharaɗi. Ranar Alhamis za a fita yankan dawa, gari guda, ayari ɗaya. Kowane gida ya kawo namiji da makami mai kai wa nesa, ko baka ko bindigar harba-ka-ruga. Gidan da bai kawo ba, ba za a shiga gonarsa ba.

Lado ya matsa kusa, ya rage tsawo, ya gaida shi, ya tambayi gida da iyali da ƙarfin jiki, ya tambayi har ciwon gwiwar da ya ji labari. Sai da gaisuwa ta ƙare ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai wuƙaƙe gare ni. Akwai barho wanda in na ɗaga shi, sa da kansa shina kwantawa."

"Wuƙa sai an zo kusa, Lado," in ji tsohon. "Mu kuwa abin da muka roƙo ga Allah shi na, kada a zo kusa."

Ya bi gari neman aro. Duk mai baka ya riƙe abinsa kamar ɗan fari. Kakansa, wanda ya taso daga Tsibiri, maharbi ne, kuma ya bar baka a gidan, amma gara ta daɗe da gadonsa. Itacen da ake yin baka da shi, dargaza miƙaƙƙiya, tana nan jingim a dajin ƙetaren gulbi. Wato kafin mutum ya saro sandar baka, sai ya riƙe baka. Lado ya juya wannan lissafi a kansa har la'asar, bai ga ta inda aka shiga ba balle ta inda za a fita.

Washegari ya nufi rumfar Maiwada kafinta, taubashinsa, ɗan ƙanwar ubansa, mutumin da tun suna yara bai taɓa ganin Lado ya faɗi ba tare da ya tsaya ya yi dariya kafin ya ɗaga shi ba.

"A'a, Sarkin Fawan babu nama!" Maiwada ya ce, bai ko ɗago daga ƙofar da yake buga wa sakata ta biyu ba. "Mi ya kawo babban mutum wurin bayinsa?"

"Baka nika so."

Maiwada ya aje guduma. Ya dubi tumbin, ya dubi hannuwan, ya sake duban tumbin. "Tsirkiyar ta ina za ta bi?"

"Kai dai ka ce akwai katako ko babu."

Katako akwai, amma farin katako ne na kudu, wanda farce ke shiga. Maiwada ya ɗauki guntu ya karya a gwiwa don Lado ya gani. Ya ce a duk faɗin garin, katako mai tauri da tsawon da zai yi baka wuri uku yake. Ƙofar masallaci, makara, da teburin naman Lado.

"Ta masallaci ba a taɓawa," in ji Maiwada. "Makara kuwa, ga yadda zamani ya koma, ba ta da ranar hutu."

Teburin katakon kirya ne guda, baƙi, ya fi tsawon mutum. Uban Lado ya kawo shi daga Maradun a kan raƙumi tun Lado bai san damansa ba. Da suka kinkimo shi daga zaure zuwa tsakar gida, Batulu ta fito daga madafa tana goge hannu a zani.

"Malam, in shanu sunka dawo, bisa mi za ka yanka?"

"In sunka dawo sai in ba su haƙuri."

Ba ta yi dariya ba. Ta koma, sannan ta sake leƙowa ta ce a yi aikin nesa da randa.

Maiwada ya tsuguna yana bin katakon da yatsa. Ya ce magabata ba sa yanka sandar baka da zarto, tsaga ta suke yi, don itace yana da zare kamar nama, kuma tsaga tana bin zaren. Zarto kuwa bai san hanyar kowa ba, inda aka nuna masa nan yake bi. In zaren ya fita daga gefe, nan baka zai karye. Ya daɗe yana nema kafin ya sami wani gefe da layukan suka tafi a miƙe daga kai har gindi. Ya ja layi da gawayi, suka kama zarto, ɗaya nan ɗaya can. Kiryar ta ci haƙoran zarton, ta ci yinin, ta ci sauran zumuncin da ke tsakaninsu. Da yamma dai suka fitar da sanda mai faɗin yatsa uku, teburin kuma ya koma kamar bakin tsoho mai giɓi.

"Saura magana guda," in ji Maiwada. "Fuskar da za ta kalli abokin gaba ita ka miƙewa in an ja. Ba ta son ko ƙwarzane. Ka ba ta gefen da wuƙa ba ta taɓa ba."

Lado ya juya sandar. Ya sake juyawa. Mahauci ba ya yar da katako don ya ji sara, juya shi yake. Ubansa ya yi rayuwarsa a fuska ɗaya, ranar da ya rasu Lado ya kifa katakon ya soma tasa a ɗaya fuskar. Babu gefen da wuƙa ba ta taɓa ba. Nasa gefen kaca-kaca yake, sara kan sara, don shi mutum ne mai yanka yana surutu. Na uban ya yi baƙi, ya yi sumul, kamar raunin da ya warke tuntuni.

"Na Baba za ni ba su," ya ce. "Ya fi ni sauƙin hannu."

"To ka kankare shi. In ka gama, ka wanke da ruwan zafi da toka, kitsen ya fita, ka ga abin da ke ƙasa."

Lado ya dube shi kamar wanda aka ce ya yi alwala da manja. Tun yana goye ya san ba a zuba wa katakon fawa ruwan zafi, tsagewa yake. Kankarewa ake yi da bakin wuƙa, a shafa kitse, a bar shi. Haka ubansa ya yi, haka kowane mahauci daga nan har Bakura yake yi, kuma ga katakon nan ya binne mutum ɗaya yana shirin binne na biyu. Wai kafintan farin katako ne zai koya masa kirya.

"Na ji," ya ce, irin jin da ake yi wa taubashi.

Kwanakin da suka biyo baya a tsakar gida ya yi su, sandar a kan cinya. Ya fara da barho, yana fere ciki, yana barin tsakiya da kauri don riƙo, yana sirantar da hannuwan zuwa baki. Da barhon ya yi masa gaggawa ya koma magagari. Da magagarin ya yi kaushi ya fasa kwalba ya riƙa kankara da gilashin, garin itacen yana zuba ja-ja a kan wandonsa. Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan ya bushe tun zamanin da ake tafiya Gusau da dare babu fargaba, ga shi wani mai tumbi yana roƙonsa ya rusuna.

Ya kafa turke a jikin katanga, ya rataye sandar ta tsakiya, ya ɗaura igiya a bakunan biyu, yana ja a hankali yayin da Batulu ke tsaye daga nesa tana duba masa.

"Na dama ya lanƙwasa. Na hagu shina tsaye kamar surukinka."

Ya sauke, ya kankare na hagu, ya mayar.

"Yanzu na hagu ya wuce na dama."

Ya sauke, ya kankare na dama. A haka sandar ta yi ta ramewa har Batulu ta ce in bai yi hankali ba zai ƙare da tsinken tsire, wanda aƙalla ya san yadda ake aiki da shi. Amma a hankali kiryar ta fara ba da kai. Ranar da hannuwan biyu suka rusuna tare kamar jinjirin wata, Lado ya tsaya riƙe da igiya yana kallo.

Tsirkiya ita ce wurin da babu mai koya masa. Ya yanko siririn zare daga tsohon ƙirgi, ya jiƙa, ya murza a cinya, ya miƙe shi tsakanin turke da bishiyar darbejiya har ya bushe yana kuka in an taɓa. Kibau Sarkin Baka ya yi alkawarin bayarwa. Fuskar uban kuwa ya kankare ta har saran ya ɓace wa ido, ya gasa sandar sama-sama a bakin murhu, ya narka ɗan kitsen da ya rage a gwangwani ya shafe ta tas. Ta yi baƙi tana sheƙi. Karnukan unguwa suka fara zama a ƙofar gidan.

Ranar Laraba bayan azahar ya ɗaura tsirkiya. Ya tsaya a tsakar gida, ya juya wa randa baya, ya ja kaɗan. Bakan ya amsa. Ya ƙara ja har gwiwar hannu. Ya amsa. Ya ja zuwa haɓa, yana jin ƙarfin kiryar yana hawa kafaɗarsa, yana tunanin fuskar Maiwada.

Ƙas.

Ba ƙara ce babba ba. Kamar an taka ƙashin kaza. Batulu da ke tankaɗe ta tsaya da rariya a hannu.

Ya sassauta a hankali, ya juya bakan. A hannun sama, a fuskar uban, wani ɓawo ya ɗaga kamar farce. A ƙarƙashinsa ga layi a gicciye, siriri, mai zurfi, cike da tsohon kitse da ya daskare ya koma launin itacen. Sara ɗaya ne, irin wanda ake yi in barho ya zame daga ƙashin ƙafar sa. Ashe mai sauƙin hannun ma ya taɓa kuskure, kitse ya rufa masa asiri shekara da shekaru, ɗansa kuma ya zo ya ƙara wani a kai.

"Ya karye?" in ji Batulu.

"Bai karye ba."

"To mi ya yi?"

"Ya yi magana."

Ya zauna a kan abin da ya rage na teburin. Ko da akwai sauran gefe mai miƙaƙƙen zare, babu sauran kwana. Ya daɗe yana kallon bakan, sannan ya tashi ya yi abin da ya iya. Ya daka busasshiyar agara, jijiyar ƙafar sa, har ta zama zare, ya jiƙa, ya danne ɓawon ya naɗe wurin tam. Ya rufe da jar fatar akuya. Don kada ido ya tsaya wuri ɗaya, ya yi wa hannun ƙasa irin naɗin, daidai wa daida, yadda ake jera nama a kifa gefen da ya kwana. Da ya gama, bakan ya fi da kyau.

Alhamis da hantsi gari ya taru a bakin hanya, mata da matasa da wuƙaƙen yanka da igiyoyi, amalanke biyu na jakai, masu makamai a jere gefe guda. Sarkin Baka yana bin layin yana duba na kowa. Da ya iso kan Lado suka gaisa, gaisuwa cikakkiya, har da gwiwar. Ya karɓi bakan, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya kai hanci.

"Wanga daga kwata ya fito."

"Teburina ne, ranka ya daɗe."

Tsohon ya bi bayan bakan da babban yatsa, ya wuce naɗin ƙasa bai tsaya ba, ya zo na sama ya tsaya. Ya danna kaɗan. Lado ya jira a ja bakan a gaban mutane, a ji ƙas ta biyu, a sallame shi gida.

Sarkin Baka bai ja ba. Ya miƙa masa, ya ciro kibau biyu daga kwarinsa ya haɗa masa, ya matso da baki kusa da kunnensa.

"Ka riƙe shi sama inda za a gani. Kada ka ja shi."

"Ranka ya daɗe, in kuma..."

"Ka ga bindigar can ta ƙarshen layi? Rabonta da albarushi tun bara. Su daga nesa suka ƙirga mu, Lado. Ƙirga nika so ta cika."

Sai a gona Lado ya fahimci sauran sharaɗin, wanda kowa ya sani ban da mutumin da ya yi rayuwarsa a bayan tebur. Mai makami ba ya yanka. Tsayuwa yake a gefe, ido a daji. Kuma ana farawa daga gonar da ta fi kusa da gari, a bi su a jere, don in an taso a guje a taso da abin da aka samu. Gonarsa ita ce ta ƙarshe.

Aka tsayar da shi a kan wani suri. Daga nan yana hango ta sarai, can inda ƙasa ta gangara zuwa gulbi, zangarniyoyi sun sunkuya don nauyi, tsuntsaye suna tashi suna sauka kamar su suka yi noma. A bayansa ana ta yanka, ana ɗaure dammuna, amalanke na zuwa na komawa. Rana ta take. Kitsen bakan ya fara narkewa yana bin hannunsa har gwiwa, ƙuda kuma, tsofaffin abokan ciniki, suka gano inda ya koma. Ya riƙe bakan sama. Duk gonar da aka gama sai ya ƙirga saura nawa. Aka yi azahar kashi-kashi. Inuwa ta fara tsawo, saura gona biyu a kai tasa.

Shanun ya fara gani. Suka fito daga kurmin ƙetare, suka ratsa gulbin da ya janye, farare da jajaye, garke mai yawan da bai gani ba tun kafin kara ta mutu. Suka hau gangaren ba gaggawa, suka shiga dawarsa ta gefen gabas. A bayansu mutum biyu a kan babur ɗaya, na bayan da doguwar bindiga a gicciye a cinya. Suka tsaya a bakin ruwa, suna kallon wannan gefe.

Ƙahon Sarkin Baka ya yi kuka sau ɗaya. Masu yanka suka kwashi abin da ke hannu suka juya, babu ihu, babu gudu, kamar yadda aka koya musu. Masu makamai suka tsaya a inda suke.

Lado ya ɗora kibiya a kan tsirkiya, ya bar ta a nan. Yatsunsa suna son ja, ya hana su. Tsakaninsa da gonar ya fi jifan kowane baka, ko mai lafiya. Ya tsaya yana kallo, kuma idonsa, da bai san wani aiki ba, ya kama aikinsa. Wani farin bijimi ne a gaba, tozo ya kwanta gefe don ƙiba, cinya cike, ƙirji faffaɗa. Ya karya kara da ƙirji, ya naɗe zangarniya da harshe. Lado ya raba shi a zuci, ya ware na balangu, ya ware na kilishi, ya ga har wanda zai kai wa liman. Dabba ce mai kyau. An kula da ita.

Mutanen babur ɗin suka daɗe suna duban jerin da ke kan surai da gindin itatuwa. Ba su matso ba. Na gaban ya kashe injin, ya sauka ya zauna a inuwa.

"Mu tafi," in ji Sarkin Baka daga ƙasan surin. "Baya-baya, kada ka ba su ƙeya."

"Ranka ya daɗe, gonata ce."

"Na sani."

"Ko gefen yamma a..."

"Lado. Sauko."

Ya sauko, bakan a sama.

A bakin gari aka fitar wa kowane mai tsaro rabonsa daga abin da aka yanko, dami ɗan madaidaici, irin wanda mutum ɗaya ke ɗauka bai nemi taimako ba. Maiwada yana wurin. Ya dubi fuskar taubashinsa, bai yi dariya ba, ya ɗora masa damin a ka. Sarkin Baka ya ce akwai sauran gonakin arewa da ba a shiga ba, Alhamis mai zuwa kowa ya dawo da makaminsa, ya dubi Lado ya ce har da shi.

Batulu ta tarye shi a zaure. Ta dubi damin, ta dubi bayansa ko amalanke na tafe, ta ga hanya ce kawai. Ta karɓa ta kwance a kan teburin, zangarniya biyu suka zurara ta giɓin suka faɗi ƙasa, ta sunkuya ta tsince su ta busa musu ƙasa.

"Shanu sun dawo," in ji Lado.

"To ka ba su haƙurin?"

"Ba su nema ba."

Ya tsaya riƙe da bakan, yana neman inda zai aje shi. Ya gwada shi a giɓin teburin, ya ga ba wurinsa ba ne kuma.

"Rataye shi sama," ta ce, tana auna dawar da ido. "Ɓera na son kitse. Alhamis ma da shi za mu ci."